Yadda muka bi sawun kasafin kuɗi daga zauren dagaci zuwa Katsina

Wasiƙar ta zo ne ta hannun ƙungiyar ci gaban unguwarmu, wadda nake yi wa sakatare, jim kaɗan bayan Babbar Sallar 2025. Wata cibiya ce mai nazarin manufofin gwamnati take neman mutanen da za ta horar a shiyyar Daura, su shiga mazaɓu su tattauna da jama'a kan yadda ake tafiyar da jihar Katsina, musamman kasafin kuɗi. Ni sana'ata sayar da taki da iri da maganin feshi, ga shi damina ta sauka, lokacin da mai shago ba ya son ɗaga ƙafa. Shugabanmu ya ce, "Malam sakatare, kai ne mai biro, kai za ka je." Na bar ƙanena a shago na tafi.

Duk wanda ya ji inda za ni, tambayarsa ɗaya ce: ta wace jam'iyya ce? Ni ma da ita na shiga ɗakin taron. A nan ƙasar, in ka ga an jera kujerun roba an kawo lasifika, to akwai mai neman takara a bayan labule. Jami'ar binciken da ta jagoranci horon, wata matashiya Bakatsiniya, ta amsa tun kafin a tambaya. Ta ce ba su tsayar da kowa ba, ba sa tallar kowa, aikinsu karanta takardun gwamnati da rubuta shawara. Sai ta tuna mana cewa irin wannan aiki ba baƙo ba ne ga mutanen jiharmu. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, mutumin Musawa, wanda kwalejin da ke garinmu Daura take ɗauke da sunansa, shi ma ya kafa cibiyar bincike kan dimokuraɗiyya a Zariya kafin rasuwarsa a 2005. Wannan ya ɗan kwantar da hankalin dattawan da ke cikinmu.

Daga nan ta raba mana ƙananan takardu, ta ce kowa ya rubuta sunan sanatansa, da ɗan majalisarsa na jiha, da kansilansa. Sanata kusan kowa ya rubuta. Da aka zo kan kansila, ɗakin ya yi shiru, ana ta leƙen takardar maƙwabci. Sai ta sake tambaya: idan iska ta yaye rufin firamaren unguwarku, ƙofar wa za ku buga? Wani ya ce sanata, wani ya ce minista, wani ya ce duk wani babban mutum da aka samu hanyar ganinsa.

Dole in tsaya a nan in faɗi wani abu game da mu mutanen Daura. Daga 2015 zuwa 2023 ɗanmu ne yake shugabancin ƙasa, idonmu ya saba da kallon Abuja. Jami'ar Sufuri ta zo, kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya ta zo, layin dogon Kano zuwa Maraɗi ya biyo ta ƙasarmu, duk alheri ne muna godiya. Amma sabon ya sa ko famfo ne ya lalace, tunaninmu wa muka sani a sama. Alhali abubuwan da talaka yake kwana da su yake tashi da su, wato ajin ɗansa, ɗakin shan magani, ruwan sha, hanyar kai amfanin gona kasuwa, a Katsina da sakatariyar ƙaramar hukuma ake yanke yawancinsu. Muna cikin wannan aiki ne Allah ya yi wa Janar Muhammadu Buhari rasuwa, aka yi jana'izarsa a nan Daura ranar 15 ga Yuli. Muka dakata har aka gama zaman makoki. Da muka koma, na lura mutane sun fi ba da kunne ga maganar jiha fiye da da.

Horon ya fi tsayawa kan rabon aiki da rabon kuɗi. Jiharmu, wadda aka cire daga Kaduna ranar 23 ga Satumba 1987, tana da ƙananan hukumomi 34, mazaɓu 361, da 'yan majalisar jiha 34. Shiyyar Daura ita ce ta fi yawan ƙananan hukumomi, 12. Daga asusun tarayya, gwamnatin tsakiya tana ɗaukar kashi 52.68 cikin 100, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kasuwanni da tashoshin mota da kwashe shara da rajistar haihuwa, ya kuma ba ta hannu a firamare da lafiya da noma. Sashe na 121 ya ce gwamna ya kai ƙiyasin kuɗin shekara gaban majalisar jiha, kuma ba zai kashe ba sai ta amince. Sashe na 128 ya ba majalisar ikon bincikar yadda aka kashe. Ban taɓa jin an jera mini waɗannan abubuwa da Hausa a zama ɗaya ba, ga shi na yi sakandare, na kuma jefa ƙuri'a a kowane zaɓe tun 1999.

Abin da ya fi zauna mini shi ne bayaninta kan matakan kuɗi. Akwai abin da aka rubuta a kasafi, akwai abin da aka saki, akwai aikin da aka yi a ƙasa, kuma kowanne da takardarsa daban. Ni da nake harkar taki na gane nan take. Buhun da manomi ya sa a lissafinsa tun bazara daban yake da wanda ya biya ya ɗora a amalanke, shi ma daban yake da wanda ya shiga gindin gero. Sau da yawa muna jin an sanar a rediyo cewa an ware miliyan kaza don aiki kaza, mu yi murna ko mu fara zargin an cinye, alhali ƙila ko sisi bai bar baitulmali ba tukuna.

An haɗa mu bibbiyu, namiji da mace. Ni aka haɗa ni da wata malamar Islamiyya, aka tura mu wata mazaɓa a ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin da ke maƙwabtaka da Daura, ta wajen iyakar Nijar. Muka fara da gaisuwa, don ba a shiga gari ta bayan gida. Hakimi ya karanta takardar cibiyar da kansa, ya haɗa mu da dagaci. A zauren dagacin na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, mun zo ne mu ji abin da ke damun talakawanka, mu rubuta, mu kai inda ake tsara kuɗin jiha." Ya daɗe yana dubana. Sai ya ce, "Malam, masu rubutu sun sha zuwa nan. Su rubuta su tafi. Abin da nake so ka yi mini alkawari shi ne, ko an samu ko ba a samu ba, ka dawo ka faɗa musu da bakinka." Na yi masa alkawari. Ya sa mai shela ya zaga gari.

Taron maza bayan la'asar aka yi shi, a gindin darbejiyar ƙofar masallaci. Da farko sai da muka sha fama da maganar kuɗin mota da abin goro, domin wasu sun zo da tsammanin rabo. Cibiyar ta hana mu ba da ko kwabo, kuma na goyi bayan hakan, ko da yake wasu sun kaɗe riga sun tafi. Waɗanda suka tsaya su ne masu magana a ciki. Ba a jima ba kuma taron ya nemi komawa filin kamfe. Wani ya tashi yana yabon gwamnati, wani ya katse shi yana jero laifuffukanta, matasa suka rabu biyu. Abin da aka koya mana shi ne mu hana ambaton sunan mutum ko jam'iyya, mu ce a ambaci wuri da abu. Na ce, "Jama'a, ku yi haƙuri, kada wanda ya sake cewa wane ya yi ko wane bai yi ba. Ku ce mini wace rijiya, wane aji, wace kwalbati." Da ƙyar aka saba, amma da aka saba, sai ga mutum biyun da suka kusa cin kwalar juna sun haɗu a kan kwalbati ɗaya da ruwa yake cinyewa duk damina.

Wani saurayi ya ce duk wannan ɓata lokaci ne, ɗan majalisar jiha ba shi da wani ƙarfi, abin da gwamna ya kawo shi ake sa wa hannu. Wani dattijo da tun zuwanmu bai ce uffan ba ya gyara zama. Ya ce, "Ɗana, ba a haife ka ba lokacin. A 1981, muna cikin jihar Kaduna, majalisar jiha ce ta tsige Balarabe Musa daga gwamna, Abba Musa Rimi ya hau. Ni ina cikin waɗanda abin ya yi wa ciwo har yau. Amma kada ka ce kujerar ba ta da ƙarfi." Na ƙara musu da abin da muka koya: sashe na 110 ya ba jama'a damar yi wa ɗan majalisar jiha kiranye idan fiye da rabin masu rajista a mazaɓarsa suka sa hannu, aka kuma amince da hakan a ƙuri'ar raba gardama, kuma tun 2018 mai shekara 25 yana iya tsayawa takarar kujerar. Saurayin ya tambayi lambar sashen, ya rubuta a wayarsa.

Koke ya yi yawa, don haka muka zana kowanne a kwali saboda marasa karatun boko, muka ajiye kwano a gabansa, muka ba kowa tsakuwa uku ya jefa inda ya fi damunsa. Maza suka cika kwanon taki da na hanya. Ban yi mamaki ba. A daminar 2025 taki ya yi tsada, hatsi kuma ya faɗi a kasuwa, ina ganin yadda manomi yake zuwa shagona ya sayi mudu biyu a inda a da yake ɗaukar buhu. Sun kuma yi dogon bayani kan iyaka: yadda rufewar da aka fara a Agusta 2019, da wadda ta biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, suka karya masu kai kaya Kongolam da kasuwar Mai'aduwa. Na rubuta, amma na faɗa musu gaskiya cewa iyaka ta gwamnatin tarayya ce, majalisar jiha ba ta da mabuɗinta. Maganar tsaro ba ta ɗauki tsakuwa da yawa ba, domin ɓangarenmu Allah ya sawwaƙe idan aka kwatanta da su Jibiya da Batsari da Safana da Ƙanƙara da Faskari. Duk da haka wani ya yi magana mai ma'ana: kuɗin da jiha take zubawa a tsaron can, har da rundunar 'yan sa-kai da aka ƙaddamar a Oktoban 2023, daga tukunya ɗaya suke fita da kuɗin asibitinmu, don haka zaman lafiyarsu ya shafe mu kai tsaye.

Taron mata kuwa ban shiga ba. Malama ce ta yi shi da hantsi a makarantar Islamiyya. Da muka haɗu a ƙofar gidan dagaci ta miƙo mini takardarta, ta ce, "Malam, duba nan." Kwanon taki kusan wayam yake. Tsakuwar mata ta tafi wuri biyu: ruwa, da ma'aikaciyar jinya da za ta riƙa kwana a ɗakin shan magani. Ɗakin yana nan, ana awon ciki da rigakafi da rana, amma da yamma sai a rufe. In naƙuda ta zo da dare ta yi gardama, sai a nemi babur ko amalanke a kama hanyar Daura. Malama ta ce wata tsohuwa ta riƙe mata hannu ta ce, "'Yata, rubuta da kyau, jikata a hanya ta haihu." A taronmu na maza, ciki har da mazajen waɗannan matan, ba wanda ya kawo wannan magana. Da mu kaɗai aka tura, da takardarmu ta tafi Katsina babu ita.

Sai aiki mai wuya, wanda a ganina shi ne zuciyar abin duka. Muka koma wajen jami'an cibiyar da kokenmu, suka buɗe kasafin jiha a kwamfuta, muka shiga neman inda kowane koke yake zaune. Takardar tana intanet, kowa yana iya saukewa, haka ma rahoton yadda aka kashe kuɗi da ake fitarwa duk bayan wata uku. Wallafa su ya zama al'ada a jihohi ne tun wani shiri na Bankin Duniya da aka fara a 2018, wanda yake ba jiha tallafi idan ta bayyana lissafinta. Amma saukewa daban, karantawa daban. Shafuka ne ɗaruruwa, da Turanci, ƙananan rubutu, kowane layi da doguwar lamba. Jimillar ta girgiza ni: kasafin 2024 kimanin naira biliyan 454, na 2025 sama da biliyan 680. Tun cire tallafin mai a Mayun 2023 kason jihohi ya ƙaru, ko da yake siminti da magani da albashi su ma sun tashi.

Mun yi ta neman sunan ƙauyenmu. Manyan hanyoyi da manyan gine-gine suna ɗauke da sunan garuruwansu. Amma ƙananan ayyuka, irin waɗanda jama'armu suka jefa wa tsakuwa, sau da yawa a dunƙule suke zuwa: gyaran cibiyoyin lafiya a faɗin jiha, haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙananan hukumomi, kuɗi kaza. Jami'ar ta ce wannan ba a jiharmu kaɗai ake yi ba, kuma yana da dalilinsa, domin ma'aikata takan so ta bar wa kanta sarari don abin gaggawa. Na fahimci dalilin, amma ban gamsu ba, kuma har yanzu ban gamsu ba. Layin da ba shi da sunan gari, ba wanda zai iya tsayawa ya ce ina namu. Wanda ya fi kusa da ofis shi zai samu, na nesa kuma ba zai ma san an yi rabo ba. A zaɓe mun iya "a kasa, a tsare, a raka", har mu kwana a rumfa. Kuɗin da ƙuri'ar ta ba mutum ikon kashewa kuwa, ba mu taɓa koyon raka su ba, kuma ba za a iya raka abin da ba a faɗi inda za shi ba.

Don mu san inda dunƙulallen kuɗin lafiya ya sauka, cibiyar ta taya mu rubuta wasiƙa zuwa wani ofishi a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Dokar ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, kuma a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa ta hau kan jihohi ma. An koya mana mu yi kwafi biyu, a buga wa namu hatimin karɓa da kwanan wata. Amsa ta wuce wa'adinta nesa ba kusa ba, sai da muka yi ta sintiri. Amma da ta zo, ta buɗe mana ido. Ashe asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta kafa, wanda ake zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, cibiyar lafiya ɗaya yake bi a kowace mazaɓa. Ta mazaɓarmu tana wani gari ne daban. Namu ƙaramin ɗaki ne, ba ya cikin jerin. Kuma akwai kwamitin ci gaban mazaɓa da yake da ta cewa kan yadda ake kashe kuɗin waccan cibiya, ga shi ƙauyenmu ba shi da wakili ko ɗaya a ciki, yawancin mutane ma ba su taɓa jin labarinsa ba. Ke nan koken matan nan ba na Abuja ba ne. Na sashen lafiya na ƙaramar hukuma ne da hukumar lafiya matakin farko ta jiha, kuma abin da ake nema ma'aikaciya ce da wurin kwananta, ba sabon gini ba.

Maganar ƙaramar hukuma ta jawo batun da ya fi kowanne zafi a duk inda muka zauna, wato asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi da sashe na 162 ya tanada. Mutane sun ji a rediyo cewa ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, sun kuma ji ana ta jan ƙafa wajen aiwatarwa a faɗin ƙasa. A Fabrairun 2025 an yi zaɓen ƙananan hukumomi a jiharmu, jam'iyya mai mulki ta lashe duka 34. Ra'ayina a nan a fili yake, kuma haka zan faɗa ko wace jam'iyya ce a sama: inda babu ɗan adawa a zauren kansiloli, tambayar da ya kamata ya yi ta dawo wuyan jama'a. Ciyaman ɗan gari ne, muna sallar Juma'a tare da shi. Ya fi sauƙin tambaya fiye da kowa, in dai mun san abin da za mu tambaya.

Na samu saɓani ɗaya da cibiyar. Da suka harhaɗa abin da aka tattaro daga ƙananan hukumomin shiyyar, suka fito da rahoto mai kyau, da zane-zane masu launi, da Turanci. Malama ce ta fara magana. Ta ce wa shugaban tawagar, "Yallaɓai, matan da suka ba ni wannan bayani, wace ce a cikinsu za ta karanta shi?" Ya ce an yi shi ne don kwamishinoni da 'yan majalisa da masu ba da tallafi. Na ce to a bar musu nasu, amma masu maganar su ma a ba su nasu. Sun saurare mu, wannan kam na yaba musu. Aka taƙaita shi a shafi biyu da Hausar boko, wani alaramma ya mayar da shi ajami aka liƙa a ƙofar masallatai, Malama ta karanta shi a saƙon murya aka watsa ta WhatsApp. Saƙon muryar ya fi komai tafiya. Har a shagona wani ya kunna mini shi, bai san da ni aka yi ba. An kuma saya mana fili a wani gidan rediyo, inda masu kira suka yi ta tambayar yadda za su nemo kasafin a waya da kuma yadda ake shiga kwamitin mazaɓa.

Taron gabatarwa a birnin Katsina aka yi shi, kafin gwamna ya kai kasafin 2026 majalisa. Cibiyar ta nace a kan lokacin, domin ma'aikatu tun tsakiyar shekara suke fara tsara buƙatunsu, wanda ya zo bayan an sa hannu sai dai ya jira baɗi. An gayyaci jami'an gwamnati da ma'aikatan majalisa da 'yan jarida. Muka yanke shawara Malama ce za ta yi magana a madadin mazaɓarmu. Ba ta yi kuka ba, ba ta zagi kowa ba. Ta faɗi sunan ƙauyen, da nisansa da asibiti mafi kusa, da abin da ake nema, sannan ta roƙi a riƙa haɗa jerin sunayen garuruwa da kowane dunƙulallen layi. Wani babban jami'i ya amsa cikin mutunci. Ya ce mazaɓu 361 ne, kowacce da buƙatarta, kuma gwamnati ita ma tana zagayawa jin ra'ayin jama'a kan kasafi. Ya ce koken da ya zo da sunan wuri, da ƙiyasin kuɗi, da abin da al'umma za ta iya yi da kanta, shi ya fi sauƙin shiga. Bai yi alkawari ba, kuma na fi son hakan da alkawarin da za a tafa a manta. Muka miƙa takardarmu aka buga wa kwafinmu hatimi.

Bayan an gama girbi na koma ƙauyen. Wannan karon na roƙi dagaci a yi zama ɗaya, maza a waje, mata a soron makaranta inda za su ji lasifika. Na faɗa musu komai yadda yake: maganar iyaka ba ta jiha ba ce, maganar taki an shigar da ita cikin shawarar shiyya gaba ɗaya, kwalbati da ma'aikaciyar dare na ƙaramar hukuma ne, kuma har zuwa ranar ba a amince da ko ɗaya ba. Wasu sun yi tsaki. Wani ya ce ashe wahalar banza aka yi. Dagaci ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya tambayi maza ko sun ji abin da matansu suka zaɓa. Sai ya ce akwai ɗaki a gidan ƙanensa da ke daura da ɗakin shan maganin, zai sa a yi masa yaɓe da ƙofa, don in an turo ma'aikaciya kada a ce ba ta da masauki. Masu shaguna suka ɗauki nauyin fitilar sola. Aka rubuta wannan a sabuwar wasiƙa zuwa ga ciyaman da shugaban sashen lafiya, dagaci ya sa hannu, liman ya sa, shugabar mata ta dangwala.

A wajen aka zaɓi mutum biyu, dattijon nan mai labarin 1981 da wata ungozoma, waɗanda za a nema wa kujera a kwamitin ci gaban mazaɓa. Saurayin da ya ce majalisa ba ta da ƙarfi shi aka ɗora wa kai wasiƙar sakatariya da karɓo hatimi, tunda yana da babur. Aikin cibiyar a shiyyarmu ya ƙare da taron Katsina, jami'anta sun koma ofishinsu, sun bar mana lambar waya da samfurin wasiƙu. Ni kuma nawa shi ne in sauke rahoton wata ukun farko na 2026 idan ya fito, in nemo layin lafiya matakin farko da na ruwan karkara, in ga nawa aka saki a kowanne, in rubuta da Hausa in aika wa Malama ta karanta musu.